Ɓacewar Kundin Malam Sodangi

Kafin a idar da sallar la'asar ranar Lahadi, duk unguwar ta san an shiga shagon Malam Sodangi an ɗauke kundinsa na kan sarki. Kafin magariba kuwa ta gama yanke wa ɓarawon hukunci, don mutanen unguwar nan ba su da nawa wajen irin wannan aiki. Kubura mai nono ce, in ji su. In ba ita ba, wa ya san inda ake ɓoye makulli?

Abin da aka ɗauka ba kuɗi ba ne, ba kuma abin da za a kai kasuwar Kankia a ce nawa ba. Kundi ne mai bangon jar fata, cike da kan sarki. Sodangi ya yi aikin gidan waya tun zamanin da ake lasar kan sarki a manna wa ambulan, kuma tun daga lokacin yake roƙon masu karɓar wasiƙa su bar masa kusurwar ambulan ɗinsu. Ba kowane yake so ba. Nasa masu hoton namun daji ne, sai kuma waɗansu daga ƙasashen nesa masu zane irin na littattafan yara. Gidan waya ya yi sanyi, wasiƙa ta koma cikin aljihun kowa, kundin ne kawai ya rage masa na wancan zamani.

Yanar ido ta rufe masa gani shekarun baya. Yanzu ga shi an sa masa ranar aikin ido a Katsina, Alhamis mai zuwa, kuma ya faɗa wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa da kundin zai tafi, don in an kwance masa ido shafin gauraka yake so ya fara gani. Ya buɗe adaka don ya naɗe shi cikin zane, hannunsa bai tarar da komai ba sai ɗan hantsakin da yake ɗaukar kan sarki da shi.

'Yarsa Sumaiya, wadda ke kula da shi, ba ta kai maganar ko'ina ba. Washegari da sassafe ta tura ɗanta Zakiyyu da babur ya ɗauko Bubayero daga rugarsu ta bayan Sukuntuni.

*

Bubayero mai bin sawu ne, ko kuma a ce ya taɓa zama. A da, in aka kore shanu, shi ake kira ya duƙa ya karanta ƙasa, ya bi su har inda aka ɗaure su. Yanzu a mota ake loda su, kwalta kuma ba ta riƙe sawu. Ya tsufa, idonsa dai bai tsufa ba, sai abin dubawa da ya yi masa ƙaranci.

Da ya sauka daga babur ya ga ƙofar shagon, sai ya girgiza kai. 'Yan jaje sun tattake wurin kamar an yi sussuka.

“Kowa ya zo ganin sawun ɓarawo, ya bar nashi,” ya ce wa Sumaiya. “Cikin ɗakin fa?”

“Ban bar kowa ya wuce bakin ƙofa ba, Baffa. Baba kaɗai ne a ciki.”

Sodangi na zaune a kan buzu, ya juya kunne wajen ƙofa. Tun kafin a gama sallama ya gane muryar.

“Bubayero? Ashe kana nan da rai. Shigo, ɓaunarka ma sun tahi da ita.”

Maganar ta taɓa Bubayero fiye da yadda ya zata. Yana saurayi, yayansa ya bi shanu zuwa Kamaru bai dawo ba. Sodangi ne ke rubuta masa wasiƙa, shi ke karanta masa amsa, ladansa kuma kan sarkin da ke jikin ambulan. Na ƙarshe da ya zo yana ɗauke da hoton ɓauna. Bayansa sai labarin rasuwa.

“Wa ke taɓa kundin ban da kai?” ya tambaya.

“Ni ma ba ni buɗe shi. Ka san dokata, ba a sa wa kan sarki yatsa, gumin hannu na ɓata shi. Da hantsaki ake ɗauka. Tun da idona ya rufe ba ni ganin inda zan sa hantsaki, sai na hana kaina. In ɗauko shi a rufe, in miƙa ma Babba, shi ke nan.”

“Babban Kusada?”

“Akwai wani? Duk Juma'a in an sauko yana nan da kekenshi. Ya buɗe, ya riƙa hwaɗa mani abin da ke kowane shafi, ni ina gani a raina. In na tahi alwalar la'asar ya rufe ya maida. Kai, ban san yadda zan gaya mashi ba. Shi ya ɗauko rabinsu a jakar wasiƙu.”

Bubayero ya tsuguna. Daɓen ƙasa ne, an watsa masa yashi. Ga sawun Sodangi, gajere mai jan ƙafa, irin na mai laluben hanya. Ga na Kubura, taku biyu daga bakin ƙofa, ga zagayen gindin ƙwarya, ga inda ta juya. Sai na uku, na namiji, ba takalmi. Ya nufi adakar kai tsaye, a gabanta kuma akwai gurbin gwiwa biyu masu zurfi. Mutumin ya daɗe a durƙushe.

Ya ja adakar daga jikin bango. Ƙasan wurin fari fat da toka, wata sabuwa wata tsohuwa, ga warin kalanzir. A jikin bangon akwai shatar jar ƙasa da aka kankare, aka sake kankarewa. Ya sa hannu cikin adakar ya shafo, ya murza abin da ya samu tsakanin yatsunsa, sannan ya maida ta yadda take.

A waje ya tambayi Sumaiya ko ita ke zuba toka a bayan adaka.

“Ni? Tsintsiyata ba ta isa kusa da adakar nan ba tun ina yarinya. Wace toka?”

“Jiya da hantsi kuna ina?”

“Gidan suna, can bayan masallaci. Ni da Baba. Sai azahar munka dawo.”

*

Kubura na zaune a gindin tsamiyar bakin kasuwa, ƙwaryarta cike har baki, ga rana ta take. A ranar da ta saba da tuni ludayi na kankarar gindi. Yau gida uku ta yi sallama, aka ce mata daga ciki an gode.

Da ta ga Bubayero ta gyara mayafi, ta gaishe shi da Fulatanci, sannan idonta ya kawo ruwa.

“Baffa, kai ma aiko ka anka yi?”

“Tambaya na zo yi, ɗiyata. Kin shiga?”

“Na shiga, kamar kullum in ba kowa. Makulli na ƙarƙashin dutsen alwala, Malam da kanshi ya nuna mani tun ina goyon ɗan farina. Na aje nono, na kulle, na maida. Mi zan yi da takarda? Saniya za ta ci?”

“Kin ga kowa?”

“Ban ga kowa ba.” Ta kori ƙuda daga faifai. “Ka san wani abu? Malam ya taɓa nuna mani kan sarkin nan, lokacin yana gani. Akwai wata barewa. Na ce masa innata ta ce har bakin rugarmu suke zuwa shan ruwa, can ƙauyen Ƙofa. Ya ce to ga ta nan ya tsare mani ita. Yau ni ce ɓarauniyarta.”

Bubayero ya san barewar da take nufi, don shi ya ga masu rai. Yana yaro yana kiwo, gauraka na sauka fadama garke guda, sawun barewa kuwa har gundurarsa yake yi don yana ɓata masa na maraƙi. Yanzu daga nan har Kusada gona ce ke bin gona. Ya sayi nonon da ba ya jin sha, ya shanye a gaban mutane, ya tashi.

*

Mai shayin bakin hanya ya ja shi gefe, ya rage murya yadda kowa zai ji. A bar baiwar Allah nan, in ji shi, a dubi cikin gida. Zakiyyu ya sha faɗa a nan teburin cewa akwai masu sayen tsohon kan sarki a waya da kuɗi mai kauri, ga shi kuma makon jiya ya sa wa babur sabuwar taya.

Zakiyyu bai musa ba. Yana goge babur ɗin a tasha, ya yar da tsumman.

“Na hwaɗa, Baffa. Har hoton bangon na ɗauka na tura ma wani. Da tsohon ya ji, sanda ya jeho mani, ya samu buta. Amma in ɗauka? Cikin kundin nan na girma.”

“Kamar yaya?”

“Akwai shafukan baya, masu zanen yara. Kunkuru da hula, bushiya ta riƙe laima, wata agwagwa cikin kwalekwale. Wani malamin makaranta da ya koma ƙasarsu ke aiko mashi. Ba mu san labarinsu ba, tsoho ma bai sani ba, sai ya ƙirƙiro. Duk yaran unguwa mu zauna mu sa hannu a baya, don in ka miƙo yatsa an kore ka ke nan. Kunkurun nan har sunan unguwa gare shi, wai Sarkin Tasha.” Ya yi dariya, dariyar ta tsaya. “Rabon da in gan su tun kafin idon tsoho ya rufe. Bara na roƙi Baba Babba ya bari in leƙa, ya ce in ba su wuri, hirar manya ce. Da can shi ke kiranmu.”

Bubayero ya dubi ƙafar yaron. Doguwa ce siririya. Sawun gaban adaka kuwa faffaɗa ne, babban yatsan hagu ya karkace. Bai tambayi kuɗin taya ba.

*

An yi ruwa ranar Asabar da yamma, irin na bankwanan damina, don haka duk abin da ya taka bayan gidan Sodangi daga baya yana nan a rubuce. 'Yan jaje ba su zagaya can ba. A gindin dalbejiya Bubayero ya sami inda aka jingine keke. Tayar baya ta suɗe, ta gaba tana da faci. Mai shi bai hau ba da zai tafi. Tura shi ya yi, yana tafe a gefensa yana ɗan jan ƙafar hagu, kamar mai ɗauke da abin da ba ya so ya girgiza.

Ya bi shi ta lungu, ta bayan injin niƙa, ta gefen gonar gero da aka girbe. Zuciyarsa ta yi wani sanyi da ya manta da shi, don rabonsa da sawu mai tsabta haka har ya manta. Sai dai tun bai yi nisa ba ya fara fatan a ce ya ɓace masa.

A bakin kwalta sawun ya ƙare. Amma wurin hawa akwai tudu, kuma a nan keken ya yi tsalle. Jar ƙasa ta zuba kaɗan, mai laushi, ba irin ta wurin ba. A cikinta akwai guntuwar takarda da ba ta kai farce ba. Gefe ɗaya tana da 'yan haƙora a jere, ɗaya gefen an gatsa shi kwarya-kwarya. Shuɗiya ce, da wata siririyar ƙafa baƙa.

Ya daɗe yana kallonta a tafin hannu. Sannan ya sa ta cikin naɗin hularsa, ya tsaya jiran motar Kusada.

*

Malam Babba na zaune a zaure. Shi ne masinjan da ke kai jakar wasiƙu tsakanin Kankia da Kusada a kan keke, rani da damina, har aka daina ba shi abin kaiwa. Keken na jingine a bango, tsohuwar jakar na ɗaure a bayansa. Ya tari Bubayero da fara'a mai yawa, ya aika a kawo ruwa, ya ce labari ya iso shi, abin ba daɗi.

“So nake in san abin da nake nema,” in ji Bubayero. “Mi ke cikin kundin?”

Babba ya rufe ido. “Shafin farko giwa ce da ɗanta, kore, hatimin Kano ya ɗan taɓa kunnenta. Gefenta zaki, sai raƙumin dawa guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya haske. In ka juya, dorina ta buɗe baki. Na uku gauraka, shuɗi, su biyu, ɗaya ta ɗaga ƙafa. Ƙasansu barewa. Ɓaunarka na shafi na bakwai, kusurwar dama, haƙorinta ɗaya ya karye tun a hanya.”

Haka ya yi ta zubo su har kan kunkuru mai hula, bai yi tuntuɓe ba, hannunsa na juya shafin da babu. Bubayero ya san makiyayan da ke iya lissafa shanunsu haka, kowace da kamanninta. Galibi waɗanda aka kore wa garke ne.

“Ƙafar fa, Malam Babba? Na ga kana ja.”

“Tun daminar bara. Ta kwantar da ni har kaka, ban leƙa Kankia ba. Sodangi ya yi ta aike.”

“Kubura ba ta saida nono ba yau,” Bubayero ya ce, yana kallon bakin jakar, inda jar ƙasa ta maƙale a ɗinki. “Gobe ma ba na jin za ta sayar. Ɗiyar mutane ce, da 'ya'yanta.”

Fara'ar Babba ta zube. Ya dubi ƙasa, leɓensa na motsi.

“A bari a yi mashi aikin,” ya ce a hankali. “Likita ya ce kar ranshi ya ɓaci kafin nan.”

“Ran Juma'a zai dawo. Zan tara mutane a shagon in an sauko. Ka zo da kekenka yadda ka saba, da jakar.”

Bubayero ya tashi ya fita. A hanyar komawa ya biya ta gidan mai unguwa ya ce a sanar cewa sawun Kubura bai wuce taku biyu daga ƙofa ba, shi Bubayero ya gani. Waɗansu suka yarda. Waɗansu suka ce ai dama Bafillace ba zai kama 'yar'uwarsa ba.

*

Aka yi aiki, aka dace. Sodangi ya dawo ranar Juma'a da baƙin tabarau, ido ɗaya a buɗe, yana kallon komai kamar baƙo. Ya ce wa Sumaiya ta yi furfura ba ta gaya masa ba. Ya ce wa Zakiyyu ashe muninsa ƙaruwa ya yi. Amma da ya shiga shago idonsa ya sauka a kan adaka, sai barkwancin ya ƙare.

Bayan an sauko daga masallaci aka hallara. Mai unguwa na kan kujera, Sumaiya da Kubura na bakin ƙofa, Zakiyyu ya jingina da bango, mai shayi da sauran masu hukunci sun cika waje. Babba ne ya zo ƙarshe. Ya jingine keke, ya tuɓe takalmi ya jera su, ya shigo da jakar a hammata. Sodangi ya tsura masa ido.

“Haka ka tsufa, Babba?”

“Kai ma ba ka ga kanka ba.”

Aka yi 'yar dariya. Bubayero ya bari ta lafa.

“Mutum uku sunka taka ɗakin nan ran Lahadi bayan mai shi,” ya ce. “A'a, biyu, don Zakiyyu bakinshi kawai ya shiga, ƙafarshi ba ta shiga ba. Kubura ta aje nono ta juya. Wanda duk ya rufe mata ƙofa ya san abin da ke kanshi. Na biyun ya tuɓe takalmi kafin ya shiga. Ya durƙusa gaban adaka ya daɗe. Na bi ɓarayi da yawa, ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba.”

Ya ja adakar gefe, tokar ta bayyana.

“Wagga toka ba ta mako ɗaya ba ce. Akwai wanda ya yi shekara yana yaƙi da gara a nan, a ɓoye, yana kankarewa yana zuba kalanzir. Wanda zai saci abu ba ya tsare shi shekara guda.”

Ya cire hula, ya fito da guntuwar takardar, ya ɗora a kan farin hannun rigar Sodangi. Tsohon ya ɗaga tabarau, ya kawo ta kusa da ido. Ƙafar gauraka ce, wadda ta ɗaga.

“Almakashi bai yi wannan ba,” in ji Bubayero. “Bakin gara ne. Malam Sodangi, ba ran Lahadi anka raba ka da kundinka ba.”

Ba wanda ya yi motsi. Babba ya kwance jakar, ya fito da kundin, ya ajiye a kan buzu. Bangon na nan lafiya lau, jar fatar na sheƙi, don gara ba ta taɓa shi ba. Sodangi ya buɗe da kansa. Ciki ƙasa ce. Gara ta cinye takardun ta cike gurbinsu da jar laka, shi ya sa nauyin bai taɓa canzawa a hannunsa ba. Nan da can akwai saura: rabin kunnen giwa, laima ba bushiya, ƙahon ɓauna ɗaya.

“Da na tashi daga ciwon ƙafa na zo, haka na tarar,” Babba ya ce. “Ka miƙo mani, ka ce Babba buɗe mani gauraka. Na buɗe. Na dube ka kana murmushi. Sai na ji bakina na cewa ga su nan su biyu, ɗaya ta ɗaga ƙafa. Daga nan ban san yadda zan tsaya ba. Da ka ce za a buɗe maka ido, na ce gwamma ka ɗauka suna hannun wani, suna nan da ransu a wani wuri. Ban yi tunanin za a ɗora ma kowa ba. Wallahi ban yi ba.” Ya juya wajen ƙofa. “Kubura, ɗiyata, ki yafe mani. Na ji abin da anka yi maki, na yi shiru. Wannan ya fi ɗaukar kundin muni.”

Kubura ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Kai na yafe maka, Baba, don na ga abin da ya sa. Amma da ka zo ka raɗa mani, da na ɗauki zargin da daɗin rai.” Ta dubi waɗanda ke waje. “Saura kuma sai na yi tunani.”

Mai shayi ya tuna ya bar ruwa a wuta. Sauran ma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya yi gyaran murya zai yi jawabi, ya dubi Sodangi, ya fasa.

Sodangi na ta juya abin da ya rage na shafukan, ƙasa na zuba a cinyarsa. Hawaye na fita daga idon da aka gyara, Sumaiya na cewa Baba likita ya hana, bai ko ji ta ba. A karon farko a rayuwarsa ya sa yatsa ya taɓa fuskar kan sarki, wato ɗan abin da ya saura na hular kunkuru. Zakiyyu ya juya ya fuskanci bango.

Bubayero ya ji nauyin abin da ya yi. Ya wanke Kubura, kuma dole ne a wanke ta, amma shi ya kawo wa mutumin nan wannan a ranar farko ta ganinsa. Ya dubi ƙahon ɓaunar, abu na ƙarshe da hannun yayansa ya taɓa, ya kau da kai.

“Shekara guda,” Sodangi ya ce. “Duk Juma'a. Kana tuƙo keke daga Kusada da wannan ƙafar, ka zo ka karanta mani ƙasa.”

“Na cuce ka.”

“Ko sau ɗaya ba ka yi kuskure ba. Ina bin ka a raina, ina jira ka sa dorina kafin raƙumin dawa in kama ka. Ba ka taɓa ba.”

Ya rufe kundin, ya kakkaɓe bangon da hannun riga. Ya miƙa wa Babba da hannu biyu, yadda ya saba.

“Yau Juma'a ce, ko ba ita ba ce? Kubura, shigo ki zauna, akwai barewarki. Zakiyyu, hannu a baya.”

Babba ya karɓa, ya rasa abin yi. “Sodangi, ba komai a ciki.”

“Na gani. Ai yanzu ina gani.” Ya cire tabarau ya ajiye a gefe, ya jingina da bango, ya rufe idon da aka sha wahalar buɗe masa. “Buɗe mani gauraka.”

Babba ya buɗe. Ya goge fuska da bakin rawani, ya ja numfashi.

“Ga su nan su biyu,” ya ce. “Shuɗi. Ɗaya ta ɗaga ƙafa.”

Bubayero, da ya riga ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya dawo ya zauna ya jira shafi na bakwai.